Ciwon da ke Jiran Arba'in

Furera ta san ciwon ya dawo tun kafin ta gama buɗe ido. An idar da sallar asuba ke nan, jaririnta Sani yana ta canyara kuka a gefenta, ta kai hannu za ta ɗauke shi, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Sun ƙage, sun yi tsami, kowace gaɓa ta ɗau zafi kamar an kara ta a bakin murhu. Sai da damtsenta biyu ta tallafo yaron ta jawo shi jikinta. Ba a daɗe da gama wankan arba'in ba.

Furera matar Dabo ce, manomi a Unguwar Gawo, wani ƙauye tsakanin Bici da Kunci inda gona ke manne da gona, ba abin da ya raba ta wannan da ta wancan sai layin gamba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sana'ar da duk hannu ne: suya, murza, matsa, mulmula. Shekarar kuwa ita ce wadda aka janye tallafin mai, komai ya tashi ya bar talaka a ƙasa. Dabo bai iya sayen takin zamani ba, geronsa ya fito a rame, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. A irin wannan shekara, mace ta rasa hannunta ba ƙaramin abu ba ne.

Ba wannan ne karon farko ba. 'Yarta ta fari, Safiyatu, a gidan iyayenta a Kunci ta haife ta, ta yi jegonta lafiya ƙalau. Bayan haihuwar na biyu, Nababa, a nan ɗakinta, abin ya fara: yatsu, wuyan hannu, daga baya gwiwa. Aka ce sanyi ne, aka sha saƙe-saƙi, aka shafa man kaɗanya da citta, yau da sauƙi gobe babu. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, da ta sami cikin Sani, ciwon ya kwanta kamar an zare ƙaya. Da tsohon ciki take daka, take matsar mai, har mata na cewa ta huta. Ta ɗauka ta rabu da shi ke nan. Ga shi ya dawo, kuma da ƙarfinsa fiye da da.

Surukarta, Inna Barira, ce ta fara haɗa lissafin. Ta shigo da hantsi ta tarar da Furera na ƙoƙarin ɗaura zanen goyo da haƙori da gefen hannu. Ta karɓa ta ɗaure mata, sannan ta kama yatsun tana jujjuya su tana kallo.

"Ni fa abin nan ya daɗe yana yi mini yawo a rai," in ji ta, ta rage murya. "Haihuwarki ta fari, wa ya yanke cibiya?"

"Ungozomar garinmu ce, Inna."

"Kin yi ciwo?"

"Ban yi ba."

"To, ta biyu da ta uku fa? Wa ya yanke? Wa ya fita da mabiyiya bayan ɗaki ya binne, ba wanda ya bi ta ya ga abin da ta haɗa a ramin?"

Furera ta san wa ake nufi. Gwaggo Marta ce, ungozomar yankin, tsohuwa daga unguwar Maguzawan da suka karɓi Kiristanci, can ƙetaren rafi. Rabin mutanen Unguwar Gawo a hannunta suka faɗo, har da Dabo kansa. Ba a taɓa jin wani abu game da ita ba. Sai dai akwai wata ɗorawa a kan iyakar gonar Dabo da ta Dogo, ɗan Marta, wadda tun kakanni ake raba kalwarta biyu. Da shekaru suka yi tsanani, aka fara duba reshen wa ya fi nauyi, har Dabo da Dogo suka taɓa sa-in-sa a gaban mai unguwa.

"Inna, Gwaggo Marta fa ita ta kwana biyu tana gasa mini jiki," Furera ta ce a hankali.

"Shi ne ai. Wa ya fi ta sanin gaɓoɓinki ɗaya bayan ɗaya?"

Maganar ta shiga kunnen Furera ta ƙi fita. Ba ta so ta yarda ba, amma duk sanda ciwon ya tashe ta, sai ta riƙa tuno hannun tsohuwar a kan wuyan hannunta, da yadda take gunguni da wata addu'a tasu in tana wanka wa jariri. Da can addu'ar ba ta taɓa damunta ba. Yanzu sai ta ji tana son sanin me ake cewa a ciki.

Ranar da Marta ta zo dubiya da ƙullin daddawa, Inna Barira ta tare ta a tsakar gida ta ce mai jego tana barci. Furera na jin su daga ɗaki, idonta biyu, ba ta yi tari ba balle ta fito. Da tsohuwar ta tafi, aka zuba daddawar a bola. Kafin sati ya zagayo, maganar ta kai bakin rijiya, daga can ta shiga kowane gida.

Dabo mutum ne mai ƙarancin magana da yawan nazari. Bai ce uwarsa ta yi gaskiya ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya karɓo rubutu, ya karɓo turare, aka yi hayaƙi har idon jariri ya yi ja. Ciwon bai ko gezau ba. Da ta kai Furera ba ta iya tsugunno sai an riƙe ta, Safiyatu ce ke taje mata kai, sai ya sayar da tunkiyar da suke tattali, ya ɗauke ta zuwa asibitin Bici. Can aka duba hannun, aka ce wannan sai babban asibiti a Kano, wajen likitar gaɓoɓi.

Likitar mace ce, Dakta Maijidda, ba ta fi Furera da wasu shekaru masu yawa ba. Ta daɗe tana latsa gaɓoɓin ɗaya-ɗaya, tana tambaya. Da safe ya fi tsanani? Hannu biyun ne ko ɗaya? Sai ta ɗago kai.

"Da kina da ciki fa, yaya kike ji?"

Furera ta dubi mijinta. Ba su gaya wa kowa wannan ba a asibitin.

"Garau nake, likita."

"Bayan haihuwa da 'yan makonni kuma ya dawo."

Dabo ya gyara zama. "Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa, Malam. Haka ciwon yake yi wa mata da yawa." Ta aje biron hannunta. "Amosanin gaɓoɓi ne, amma ba irin na tsufa ba. Bari in yi muku bayani. A cikin jinin kowannenmu akwai masu gadi, su ke yaƙar cuta in ta shigo. Masu gadin nan ba sa ganin juna, da saƙo suke magana. Akwai wasu 'yan ƙananan sinadarai da jiki ke yi, mu muna kiransu saitokin, su ne 'yan aiken. Wani saƙon yana cewa, ku taso, ga abokin gaba, ku tara jini a nan, ku hura wuta. Shi ne za ka ga wuri ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ja. In an gama da cutar, sai wani saƙon ya fito ya ce, ya isa, kowa ya koma. To, a jikin matarka, masu cewa a taso sun rinjayi masu cewa ya isa. Kuma babu wata cuta a wurin. Gaɓoɓinta suke kai wa hari, suna cin su a hankali."

"Cikin fa?" in ji Furera.

"In mace ta ɗauki ciki, jikinta yakan ƙara masu cewa a kwanta, don kada masu gadin su far wa ɗan da ke ciki, tunda shi ma baƙo ne a wurinsu. Gaɓoɓinki sai su sami hutu a dalilinsa. In kin haihu, wannan lallashin ya janye, sai su taso da fushinsu."

Furera ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Karo na farko ke nan da wani ya faɗi ciwonta daidai yadda yake, har da abin da ba ta faɗa ba. Amma Dabo bai saki fuska ba.

"Na ji bayaninki, likita. 'Yan aike, kika ce. To, wa ya aiko su? Me ya sa ba su taso a haihuwar fari ba sai a ta biyu?"

"Wannan kam ba mu gama sani ba," ta ce. "Akwai gado, akwai canjin da jiki ke yi bayan haihuwa, akwai abin da har yanzu ake bincike. Amma daga cikin jiki abin yake, ba wani ne ya sa mata ba."

Dabo ya gyaɗa kai. Furera ta san wannan gyaɗawar. Daga duk bayanin, abin da ya ɗauka ya sa a aljihu shi ne "ba mu gama sani ba".

Aka ɗebi jininta a 'yan kwalabe har Dabo ya fara tambayar nas ko duk na gwaji ne. Likita ta ba su ƙwayoyin da mai shayarwa za ta iya sha, ta ce za su rage, amma mai ƙarfin sai an yaye yaro. Ta ce akwai ma allurar da ke tare saƙon kansa tun kafin ya isa, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancin mutane, ba za ta yaudare su ba. Daga nan ta faɗi maganar da ta ɓata komai.

"Idan an fara mai ƙarfin, ba a son ta ɗauki ciki, domin yana cutar da ɗan tayi. Sai an ba da tazara."

A motar komawa Dabo ya jira har suka wuce Dawanau. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Kin lura? Da bakinta ta ce ciki ne ke kwantar da ciwon. Kuma cikin ne ta ce kada a yi. Abu ɗaya da ke ba ki lafiya, shi za a hana."

"Ta ce ai hutu ne kawai yake ba ni, Malam."

"Ta ce."

Damina ta wuce, kaka ta zo da ɗan abin da ta zo da shi. Ƙwayoyin farko sun rage zafin, amma kumburin na nan, ƙaramin yatsanta na dama ya fara karkacewa waje. Gidan ya zama kowa na kallon kowa. Inna Barira ta ce maganin a fili yake, a bar ta ta sami wani cikin, ko da kwanika ne, ai an ga yana yi. Furera kanta takan yi wannan tunanin in ta tuna watannin da take tashi ta miƙe kamar kowa. Amma takan tuna abin da ke jiranta bayan arba'in, kowane karo ya fi na baya muni, ga baki ya ƙaru a gidan da tuwo ba ya isa.

Da Sani ya fara takawa, ta yaye shi, suka koma asibiti aka ba ta mai ƙarfin, 'yan ƙananan ƙwayoyi rawaya da ake sha sau ɗaya a mako. Ta sa su a cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ranar da za ta sha na biyu, ta buɗe ta ga babu. Ta zazzage kwallar, ta ɗaga katifa, ta tambayi Safiyatu. Zuciyarta ta tafi kan Inna Barira kai tsaye. Wuni guda tana satar kallon tsohuwar, tana lura da bakin zanenta, har da leƙa bola. Ita kuma Inna ta ga ana kallonta, ta fara tsaki tana magana da kaji.

Da la'asar Dabo ya dawo daga Bici, ranar ba ta kasuwa ba ce. Ya shiga ɗaki ya ciro ƙwayoyin daga aljihu ya aje a kan tabarma tsakaninsu.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Na kai wa Abdussalam mai kemis. Ban gaya masa na waye ba, ban gaya masa abin da likita ta ce ba. Na ce kawai ya faɗa mini maganin mene ne."

"Me ya ce?"

"Waɗancan na farko da kika yi watanni kina sha, ya ce ɗan'uwan maganin zazzaɓin sauro ne. Zazzaɓi kike yi? Wannan kuma," ya nuna rawayan da yatsa, bai taɓa su ba, "ya ce masu ciwon daji ake ba wa. Ya ce yana zubar da ciki. Ya tambaye ni ina na samo shi. Ban tsaya nan ba, na je wani kemis ɗin a bakin tasha, shi ma haka ya ce."

Furera ta sunkuyo kan tabarmar. Ta dubi ƙwayoyin kamar yau ta fara ganinsu. Ciwon daji. Ko dai shi ne da ita aka ɓoye mata? Ko kuwa gaskiyar Dabo ne, an ga 'yan ƙauye an sami inda za a tsayar da haihuwa da dabara? Ta tuno fuskar likitar, da yadda ta san zancen cikin ba a faɗa mata ba. A ranar, wannan sanin ne ya kwantar mata da hankali. Yau shi ne ya tayar mata da shi.

"Akwai abin da kuka yi magana a kai da na fita biyan kati?" Dabo ya tambaya, idonsa a kanta.

"Malam, ni kake zargi yanzu?"

"Tambaya na yi."

"Ba abin da muka ce. In kana ganin da bakina a ciki, mu koma tare ka tambaye ta a gabana."

Ba ta sha maganin ba a makon, ba ta sha ba a na gaba. Kafin ranar asibitin ta zo, gwiwarta ta cika ta yi tulu, sai da aka ɗora ta a mota kamar kaya.

Layin ranar ya yi tsawo. Maza na benci ɗaya, mata na ɗaya, suna fuskantar juna a barandar. Furera na zaune tana kallon mijinta, ta ga idonsa ya tsaya a kan hannun wani dattijo da ke gefensa. Yatsun mutumin duk sun kwanta gefe guda kamar dawar da iska ta bi ta kai. Dabo ya daɗe yana kallo kafin ya yi masa sallama, kuma da yake barandar ba faɗi, tana jin su.

"Baba, daga ina?"

"Daga Ɗambatta. Maɗinki ne ni da, kafin hannun ya ƙi."

"Me aka ce yana damunka?"

"Wai masu gadin jikina ne suka juyo kaina." Dattijon ya yi dariya. "Shekara da shekaru ina yawon masu magani, ana ce mini wane ne, wance ce. Na rabu da aminina a kan wannan. Da na zo nan, hannun ya riga ya tafi. Amma ciwon ya lafa, ina barci."

"Wane magani kake sha?"

Mutumin ya lalubo leda daga aljihun gaba da ƙyar, ya miƙa masa. Ko daga inda take Furera ta gane su, 'yan ƙanana, rawaya. Dabo ya ciro nasu ya kara, ya juya wannan ya juya wancan, ya ɗaga su sama yana duba rubutun da ba ya iya karantawa.

"Kai ma sau ɗaya a mako?"

"Ranar Talata."

"An ce maka kana da daji?"

"Wane irin daji kuma? Ɗana, ni da na kusa saba'in, in haihuwa ake son hana ni ai an makara."

Dabo bai yi dariya ba, amma ya mayar masa da ledar da hannu biyu.

Da suka shiga, ya zube ƙwayoyin a kan tebur ya faɗi duk abin da mai kemis ya ce, bai rage ba. Furera ta ɗauka likitar za ta yi fushi ko ta musa. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Bai yi maka ƙarya ba," in ji Dakta Maijidda. "Ana ba masu daji shi, amma da yawa sosai. Ɗan kaɗan ɗin da muke bayarwa a mako, aikinsa ya rage ihun 'yan aiken nan ne. Na zazzaɓin ma haka, an gano yana lallashinsu. Zancen ciki kuwa, ni na fara gaya maka da bakina, don kada a yi ɓari ko a haifi yaro da nakasa. Matarka ba ta da daji. Kuma ba na hana ku haihuwa. Duk ranar da kuka shirya, ku zo ku faɗa mini, mu tsayar da wannan, mu jira ya fita daga jikinta, mu canza wani. Laifina ne da ban yi muku wannan bayanin duka tun farko ba."

"In ta bar shi ta yi cikin fa?"

"Wataƙila ta ji daɗi wata tara, wataƙila ma a wannan karon ba za ta ji ba. Bayan nan ya dawo. Abin da ya ci na gaɓa kuma ba ya dawowa. Dubi wannan yatsan, ya riga ya tafi. Sauran nake so mu tsare."

Dabo ya buɗe baki zai sake tambaya, Furera ta riga shi. Ba ta saba magana a gabansa a wajen baƙi ba.

"Malam, zan sha. Ni ke kwana da ciwon nan. Ina so in yi wa yarana wanka da hannuna."

Ya dube ta, ya dubi likita, ya dubi ƙwayoyin. Can ya tattara su ya miƙa mata.

"Shekara ɗaya," ya ce. "Mu gani."

Maganin bai yi aiki da wuri ba. Ranar da ta sha takan wuni da tashin zuciya, kuma duk bayan 'yan watanni sai sun nemo kuɗin mota a je a duba jini, abin da ya cinye akuyar Inna Barira da rabin gyaɗar iri. Dabo bai daina lura ba. Yakan tsaya ya ga ta haɗiye, yakan tambayi duk wanda ya san ya taɓa aikin asibiti. Amma wajen wata na uku, wata safiya Furera ta tashi ta ɗaura zanenta, sai da ta kai bakin murhu ta tuna ba ta kira kowa ya taimake ta ba. Kumburin ya saɓe. Yatsan nan bai miƙe ba, wuyan hannun ma bai koma kamar da ba, amma tana riƙe muciya, tana tsefe kan Safiyatu.

Mata suka riƙa shigowa ganin ikon Allah. Inna Barira ce ke karɓarsu a tsakar gida, kuma bayaninta ɗaya ne ga kowa.

"Tun da muka hana matar nan shigowa gidan nan, ai kun ga sauƙi ya samu."

Furera na jin haka ta fito daga madafa. "Inna, maganin asibiti ne fa. Mun ga namiji ma da irin ciwon, daga Ɗambatta, bai taɓa jin sunanta ba. Malam, faɗa musu."

Dabo na bakin zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗago ya dubi uwarsa, ya dubi matan.

"Maganin yana aiki," ya ce. "Sauran kuma Allah ne masani."

"Kin ji," in ji Inna. "Maganin ma sai da aka rufe ƙofa ya sami wurin zama."

Matan suka gyaɗa kai. A watannin nan an yi haihuwa da dama a Unguwar Gawo, ba gida ɗaya da ya aika ƙetaren rafi.

Washegari da hantsi Furera ta ce za ta je tsinko zogale, ta bi ta bayan gonaki ta ƙetare rafin, wanda ya ƙafe sai yashi. Ta daɗe ba ta yi tafiya mai nisa haka da ƙafarta ba. Ta tarar da Gwaggo Marta a ƙofar gida a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince wake. Ta rame, gashinta ya ƙara fari. Furera ta durƙusa ta gaishe ta.

Tsohuwar ta amsa ba yabo ba fallasa. Ta tambayi yara da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko Sani ya yi haƙora. Idonta ya sauka a kan hannun Furera ya daɗe a wurin, har hannunta ya ɗan motsa kamar za ta kama, sai ta mayar da shi cikin waken.

"Na ji an ce kin sami sauƙi. Allah ya ƙara."

"Amin, Gwaggo. Likita ta ce daga cikin jinina abin yake. Ta ce ba wanda ya sa mini. Na zo ne in faɗa miki da bakina."

"Ni ai na sani," in ji Marta. "Can za ki faɗa."

"Na faɗa. Ba su ji ba."

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar wakenta. Rana ta fara zafi, ga randa a gindin bishiya kusa da su da moɗa a kai, Furera kuwa ta sha tafiya, leɓenta ya bushe. Marta ta bi idonta ta ga inda take kallo.

"Da na ba ki ruwa, 'yata," ta ce. "Amma in kin sha, gobe gwiwarki ta kumbura, ni da ɗana ba mu da inda za mu sa kanmu a garin nan. Tashi ki koma tun ba a neme ki ba. Ki bi ta hanyar da kika zo."

Furera ta kau da ido daga randar. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta yi mata sallama. A hanya ta tsaya ta tsinki zogalen a gonar wani, don kada ta shiga gida hannu wofi a tambaye ta inda ta je.